Don Allah masu gyaran sauti, ku riƙa saurara kafin ku danna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, don Allah ka ɗan sammin fili in yi magana da 'yan uwana masu sana'ar gyaran sauti a nan Kano, musamman yaran da suka taso yanzu waɗanda kowa da laftof ɗinsa a jaka, daga Zoo Road har Farm Centre har cikin gari. Ni ma sana'ata kenan, da ita nake ci da iyali, tun lokacin da shirin gyaran sauti na kwamfuta mai suna Cool Edit ne sarki a situdiyo kafin kamfanin Adobe ya saye shi a 2003 ya mai da shi Audition, kuma yawancin aikina tallan rediyo ne da karatu da wa'azi da juye tsofaffin kaset zuwa memori. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa wani abu ne da ya faru a shagona kwanan baya wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata Hajiya ce dattijuwa ta zo da jikanta, ta miƙo min waya ta ce ɗana an ce kai ne za ka iya gyara min wannan. Ashe maigidanta ne, Allah ya jiƙansa, lokacin yana zaune a Saudiyya shekaru da dama da suka wuce ya yi musu saƙo a kaset kamar yadda mutanenmu ke yi a da, a ba alhazai su taho da shi, yana gaishe su yana kiran sunan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana yi musu nasiha. Kaset ɗin nan ta adana shi a cikin adaka duk tsawon lokacin nan, sai bana jikokin suka ce a kai a juye shi a waya kowa ya samu. Suka kai wani shago, ba zan faɗi inda yake ba, yaron ya juye, da ya ji wannan shuuu ɗin da kowane tsohon kaset ke yi sai ya ɗauko mai rage hayaniya ya ƙure shi har ƙarshe, ya zo ya ɗora eko a kai wai don muryar ta yi kwarjini, ya yi sebin a MP3, ya goge na asalin saboda wai filin kwamfutarsa ya cika. Da suka je gida suka kunna, Hajiya ta ce wannan ba muryar Malam ba ce. Suka koma a sake juyewa, rediyon shagon ya cinye zaren kaset ɗin ya tsinka shi wuri uku.

Na sa hedifon na saurara. Wallahi Malam Edita kamar mutum yana magana daga cikin randa cike da ruwa, duk wata "s" da "sh" da "ts" ta tafi, ƙarshen kalmomi ya gutsure, sai wani ƙyal-ƙyal kamar ƙananan ƙarafa na karo da juna a bayan muryar, ga eko na maimaita ɓarnar sau biyu sau uku. Wurin da ya zo kan sunan autarsa muryarsa ta yi ƙasa don tausayi, to nan injin ya ɗauka hayaniya ce ya share rabin sunan. Na ce Mama ki yi haƙuri, abin da aka cire an cire, ba ni da inda zan samo shi. Ta yi shiru ta ce ba komai ɗana Allah ya yi maka albarka, ta ja mayafinta ta rufe fuska suka fita. Zaren da ya tsinke na karɓa na lallaɓa na haɗa da salatif na ceto abin da ya cetu, amma wuraren da ya tauna sun tafi kenan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne duk wannan gyaran gangar Auzinawa da bai faru ba da yaron nan ya danna maɓalli ɗaya tal, wanda ke nan a gabansa kyauta, an rubuta Preview a jikinsa. Ni ɗanɗano nake kiransa in ina koya wa yarana, domin aikinsa kenan, ka ɗanɗana kafin ka zuba, duk macen da ta iya girki ai ba ta juye gishiri a tukunya sai ta ɗan lasa a bayan hannu ta ji inda miyar take. Kana buɗe akwatin ifet, wato gyaran da ake ɗora wa sauti, ko eko ne ko rage hayaniya ko ƙarin bes wato kaurin sauti, ka saita yadda kake ganin ya dace, kafin ka amince sai ka danna shi ya kunna maka ɗan guntu ka ji yadda sautin zai koma, bai taɓa fayil ɗinka ba, in bai yi ba ka sauya ka sake ji, ko sau ashirin ne babu abin da ka rasa sai 'yan daƙiƙu.

Mu ɗauki shirin gyaran sauti na Audacity tunda shi ne a kwamfutar kusan kowane mai koyo saboda kyauta ne ba a biyan ko sisi, mutum biyu ne suka fara shi a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg, aka sake shi ga jama'a a 2000. A cikinsa ɗanɗanon nan daƙiƙa 6 ne in ba ka taɓa saitin ba, kuma daga farkon wurin da ka zaɓa yake farawa, toh nan ne ma waɗanda suke dannawa ɗin suke faɗawa rami. Mutum zai zaɓi karatun awa ɗaya gaba ɗaya ya danna, daƙiƙa shidan farko kuwa mai yiwuwa malam bai ma fara magana ba, gyaran murya yake ko ana gyara masa makirufo, sai ya ji shiru tas ya ce ya yi kyau ya zuba wa duka. Ni abin da nake yi, wuri uku nake nema, inda mai magana ya fi ɗaga murya, da inda ya fi yin ƙasa da ita, da inda hayaniyar ta fi yawa misali inda adaidaita ta wuce ko aka tada janareton maƙwabta, kowanne in zaɓe shi daban in ɗanɗana. Kuma daƙiƙa 6 ɗin ba wahayi ba ne, ka shiga saiti wajen da ya shafi kunna sauti ka mai da shi 15 ko 20, don ifet irin su eko da kwamfuresa mai daidaita hawa da saukar ƙara sai jimla ta kai ƙarshe kake gane halinsu, a wutsiyar magana suke nuna kansu.

Shi mai rage hayaniyar da ya kashe muryar Malam, bari in ɗan tsaya a kansa don shi ya fi yi mana ɓarna. Mataki biyu ne aikinsa, da farko za ka zaɓi wani ɗan wuri da babu magana sai hayaniyar zalla ka nuna masa ka ce ga abokin gaba, sannan ka zaɓi sauran sautin ya bi yana rage duk abin da ya yi kama da wannan samfurin. Matsalar ita ce shuuu ɗin kaset da sautin "s" da "f" da "sh" na bakin mutum unguwarsu ɗaya, can sama suke zaune, in ka matsa masa lamba ba ya bambance ɓarawo da maigida. Amma masu shirin sun san da haka shi ya sa suka sa wani zaɓi a cikin akwatin da aka rubuta Residue, a Audition ma akwai irinsa wanda zai jiyar da kai hayaniyar kaɗai, ma'anarsa ka saurari abin da za a zubar ba abin da za a bari ba. In ka danna ɗanɗano a haka ka ji shuuu kawai, madalla, in kuwa ka ji har kana iya tsintar kalmomi a ciki to ka sani naman mutum kake yanka, sai ka sassauta. Yara nawa na tambaya a garin nan ko sun taɓa gwada wannan, sai su ce Oga mu ba mu ma san amfaninsa ba. Ni a ra'ayina gara a bar wa tsohon kaset ɗan shuuu ɗinsa, kunne na sabawa da shi cikin minti ɗaya ya manta yana nan, amma muryar da aka mai da ta mutum-mutumi babu mai sabawa da ita.

Sai maganar firiset, wato saitin da aka riga aka shirya wanda za ka ɗauka kawai ka ɗora. Ban ce haramun ba ne nima ina farawa da su, amma a tuna wanda ya shirya shi bai san ɗakinka ba, bai san kwanon rufin shagonka ba, bai san fankar silin ɗinka ba. Misali ƙaramin da kowa zai gane, ƙugin nan na wuta da ke shiga waya ya yi ta buuu a ƙarƙashin murya, a Najeriya wutarmu hatz 50 take bugawa, wato sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 60, kuma in ka buɗe matacin da ake cire shi a Audacity lambar da za ka tarar a rubuce 60 ce. Kaga wanda bai saurara ba zai danna ya wuce, ya huda sautin a inda babu cuta ya bar cutar tana nan daram. Ga shi kuma ƙugin ba ya zuwa shi kaɗai, da 'ya'yansa yake tafe a 100 da 150 da sama, balle in an ɗauke wuta aka yi ɗaukar da janareto wanda shi ba ya tsayawa a 50 cif, yana hawa yana sauka gwargwadon kayan da aka ɗora masa. Wannan fa ba lissafi ne zai warware maka shi ba, sai ka matsa lambar kaɗan ka ji, ka ƙara matsawa ka ji.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a sana'armu ji ne ya kori gani, kuma inaga nan ne tushen cutar. Yaran yanzu da ido suke gyaran sauti, suna kallon zanen nan mai kama da tsaunuka a allo, in ya yi kauri ya cika layi sai su ce aiki ya yi ƙarfi, alhali duk abin da ya haura sifili a ma'aunin desibel kansa ake sarewa, shi ne wannan fashewar da kake ji a tallan masu magani da ke yawo da lasifika a kan mota a bakin kasuwa, muryar na tsagewa kamar ana yaga atamfa. Na taɓa tsayawa a bayan wani yaro yana miksin da hedifon rataye a wuya, wallahi a wuya ba a kunne ba, yana hira da abokinsa yana ɗora ifet ɗaya bayan ɗaya.

Kuma ko mai saurarar ma kunne na yaudararsa, wannan sai an yi hattara. Duk abin da ya fi ƙara, kunne ce maka zai yi ya fi daɗi, ko da ya fi muni. Yawancin ifet suna ɗan ɗaga ƙarar sauti, sai ka danna ɗanɗano ka ji ya fi na da cika kunne ka ce kai ya gyaru, alhali ƙara kawai aka yi maka. Dabara ita ce ka daidaita ƙarar na asalin da na gyararren su zo ɗaya sannan ka riƙa kashe ifet ɗin kana kunnawa yayin da sautin ke tafiya, a Audition akwai ɗan maɓallin wuta a gefen kowane ifet don wannan, shi ma Audacity tun daga fitowar 3.2 a 2022 ya zo da tsarin da za ka jera ifet a kan layin sauti kana ji kana murɗawa nan take ba tare da ya canja fayil ɗin ba, gobe ma in ka buɗe aikin za ka iya cire shi. Masu shirye-shiryen haɗa kiɗa irin su FL Studio da Cubase su dama tuntuni haka suke aiki. Wanda har yanzu yake kan tsohon Audacity da aka tura masa a filash shekara goma da suka wuce, don Allah ya sayi data ya sauko da sabo. Sannan kunne na gajiya, in ka yi awa uku da hedifon sai ka ji kana ta ƙara turebul, wato kaifin sauti, don ka daina jin na sama-sama sosai, washegari ka kunna ka ji abin na soka kamar allura. Ni ƙa'idata in aiki mai muhimmanci ne ba na miƙa shi a daren da na gama, sai na kwana na sake ji da safe bayan na karya.

Wani zai ce Oga ai akwai Ctrl da Z, in bai yi ba sai a koma baya. Gaskiya ne akwai, amma iyakarsa aikin na buɗe, kana rufewa tarihin ya tafi, balle a garin da ana tsakar aiki za a ɗauke wuta batirin laftof kuma ya daɗe da mutuwa. Kuma wanda bai saurara kafin ya zuba ba yaushe zai saurara bayan ya zuba, ai sai mai kaya ya dawo da ƙorafi. Ga shi an ɗora ifet biyar a kan juna ba ka ma san wanne ne ya yi ɓarnar ba. Shi ya sa kafin komai, tun kafin ɗanɗanon ma, a ajiye na asali a WAV, wato irin fayil ɗin da ba ya rage komai daga sauti, a wani wuri daban kar a taɓa shi, a kan kwafi ake aiki. MP3 duk lokacin da ka buɗe ka gyara ka sake sebin wani abu na zubewa daga cikinsa wanda ba ya dawowa, kamar hoton da ake ta yi wa fotokwafi daga fotokwafi. Da yaron can ya bar wa Hajiya na asalin ko da a memorin da bai taka kara ya karya ba, da yanzu ba wannan maganar muke ba.

Eko kuma, toh, na san zan taɓa ran wasu. Mu mutanen nan Allah ya sa mana son eko, a wajen biki eko, a sanarwar ɗaurin aure eko, a tallan makarantar Islamiyya eko, har ta kai mai kawo aiki in bai ji muryarsa na dawowa ba sai ya ga kamar ba a yi masa aikin kuɗinsa ba. Kaɗan ɗinsa na da daɗi ban musa ba. Amma lokacin azumi ku saurari wasu karatuttukan tafsiri da ake turawa a WhatsApp, an ɗauka a masallaci wanda dama shi kansa ginin yana amsa kuwwa, an zo an ƙara wani a kai, sai kalma ta hau kan kalma, mai jan baƙi na karanta aya harafi na bin harafi ba ka bambance su, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san darajar abin da ake karantawa. Harshenmu ma kansa ba ya son haka, Hausa da hawa da saukar murya take rarrabe ma'ana da kuma tsawon wasali, wuyan da ake rataya carbi daban wuyar da ake sha daban, ga ƙ da ɗ da ɓ da ts waɗanda ɗan tsinkewar nan tasu ce ke fito da su, in eko ya cike gurbin sai ƙ ta koma k. Haka 'yan uwanmu na ɓangaren waƙa da Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar tun 1997 don ɗan gyara inda mawaƙi ya kauce, yanzu an mai da shi tuwo da miya, mawaƙa goma murya ɗaya. Wannan zaɓinsu ne da masu saurarensu, ni dai roƙona su kashe shi na minti ɗaya su ji muryar da Allah ya ba yaron kafin su yanke hukuncin nawa za a zuba.

Abu na gaba wanda shi ma ɗanɗano ne ko da ba maɓalli gare shi ba, ka ji aikin a irin abin da jama'a za su ji shi. Kai kana situdiyo da manyan sifiku masu tsada ana ta jin bes na dukan ƙirji, mai sauraronka kuwa ɗan kasuwar Kwari ne da ƙaramar waya a aljihun gaba, ko direban adaidaita a cunkoson Kofar Nassarawa, ko uwar gida da ƙaramin rediyo mai batir a kicin. Sifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa, duk bes ɗin da ka sha wahala a kai ba za a ji shi ba, in kuma kiɗan bayan talla ya yi yawa muryar ce za ta nutse a rasa lambar wayar da mai tallan ya biya kuɗi don a ji. Ni akwai wata tsohuwar waya mai madannai da ɗan rediyo a kan teburina, duk aikin da zai fita sai ya bi ta cikinsu, wani lokaci ma har bakin titi nake fita da ita in tsaya cikin hayaniya in ji ko maganar na fitowa.

Na san uzurin da za a kawo, sauri. Mai talla na tsaye a kanka yana cewa ƙarfe huɗu za a sa a rediyo, lokacin siyasa kuwa jingul goma a rana, kuɗin aikin kuma bai kai ya kawo ba, ga man janareto. Duk na sani ina cikinta. Amma mu yi lissafi tsakani da Allah, ɗanɗano uku na daƙiƙa 20 minti ɗaya ne, aikin da aka dawo maka da shi kuwa yini ne, ban da kunyar da za ka sha da kwastoman da ba zai sake dawowa ba. Laifin ma ba na yaran ba ne su kaɗai, mu manya da muke ɗaukar su koyon aiki mu ne muke nuna musu danna nan danna can cikin sati biyu mu bar musu shago mu tafi, ba mu taɓa zaunar da su mun ce rufe idonka ka gaya min me ka ji ba. Ni yanzu duk yaron da ya zo wajena watan farko ba ya zuba ifet ko ɗaya, aikinsa ya danna ɗanɗano ya faɗa min da bakinsa me ya canja, in ya kasa faɗa to bai ji ba.

Ina kuma kira ga malamanmu na sashen koyon aikin jarida a Jami'ar Bayero da Kano Poly da sauran wuraren da ake koyar da aikin rediyo, da ƙungiyoyin masu situdiyo, su taimaka su riƙa shirya ɗan zama ko na yini ɗaya ne ga yaran shaguna waɗanda ba su samu shiga aji ba, da Hausa, a kawo tsohon kaset a gwada a gabansu su ji bambanci da kunnensu. In aka kira ni zan zo da kayan aikina ba sai an biya ni ba.

Su kuma jama'a masu tsofaffin kaset a gida, na iyaye ko na malamai ko na biki, in za ku kai a juye muku ku ce a fara gwada rediyon da wani kaset ɗin da ba ku damu da shi ba, ku ce a ba ku kwafi biyu, ɗaya yadda ya fito ba a taɓa shi ba ɗaya gyararre, kuma kar ku bar shagon sai an sa muku hedifon kun ji da kunnenku, ku ne kuka san muryar mutuminku ba mai shago ba. Jikan Hajiya zai dawo ranar Asabar ya karɓi ɗan abin da na ceto daga zaren, minti goma sha ɗaya ne, shuuu ɗin na nan ban taɓa shi ba, kuma sunan autar ya fito.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai gyaran sauti, daga Zoo Road, Kano.